Mudun Saye Da Mudun Sayarwa: Katoɓarar Shugaba A Hannun 'Yan Jarida

Kwana kaɗan bayan an binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa da ke nan Daura ranar 15 ga Yulin 2025, muna zaune a majalisa bayan la'asar, baƙi masu zuwa ta'aziyya sun fara raguwa a gari, sai wani ɗan yayata ya miƙo mana waya. Wani ne ya tsinto maganganun da marigayin ya yi tuntuɓe a kansu cikin shekara takwas na mulkinsa, ya jera su a bidiyon da bai kai minti biyu ba, ya ɗora musu kiɗa. Dattijon da ke gefena bai bari ya ƙare ba, ya ture wayar ya ce, "Da ɗan Kudu ne ya faɗi waɗannan, wallahi ko a shafi na goma ba za ka gan su ba." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To Baba, ai ba cusa masa aka yi a baki ba. Shi ya faɗa."

Wannan gardama ta daɗe a Katsina da Daura, kuma ba ta bi Buhari kabari ba. Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar Mai'adua ya san irin ma'aunin da ake zargi da ajiye mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Haka mutanenmu da yawa ke kallon manyan jaridu da tashoshin talabijin na ƙasar nan: idan namu ya yi kuskure a tsoma babban mudu a cika shi har ya yi toroko, idan nasu ne a shafa ƙaramin a wuce. Ni na yarda akwai mudu biyu. Sai dai na daɗe ina ganin ba a inda muka fi nuna yatsa yake ba, kuma ɗaya daga cikin mudun nan a rumbunmu yake ajiye.

Abin da ke fara rikita maganar shi ne ana zuba abubuwa mabambanta a buhu ɗaya a kira su katoɓara. Akwai subul da baka zalla. A watan Janairun 2019 a Warri, Buhari zai miƙa tutar jam'iyya ga Great Ogboru mai neman gwamnan Delta, sai ya kira shi ɗan takarar shugaban ƙasa, aka gyara masa ya ce na sanata, kafin ya dawo kan hanya. A Nuwamban 2022 a Jos, Bola Tinubu yana yi wa jam'iyyarsa addu'a sai harshensa ya fara kamo sunan PDP kafin ya ce APC. A Yulin 2024 Joe Biden na Amurka ya gabatar da shugaban Yukren da sunan Putin, mutumin da ke yaƙarsa. Irin wannan tuntuɓe bai nuna abin da ke zuciyar mutum, gajiya da shekaru yake nunawa. Abu ɗaya kawai ke ba shi nauyi, wato tambayar lafiya, kuma Bakatsine ya fi kowa sanin cewa tambayar nan ba ƙiyayya ba ce. Mun ga Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Saudiyya a Nuwamban 2009, ƙasa ta yi wata da watanni tana zaman jiran tsammani, har Allah Ya karɓi ransa ranar 5 ga Mayun 2010. Buhari kansa ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan a 2017. Ɗan jaridar da ya ga shugaba yana rikita sunaye ya tambayi lafiyarsa, aikinsa ya yi.

Inda ƙorafin dattijon majalisarmu ke da ƙafar tsayawa sosai shi ne wajen fassara. A watan Mayun 2012 a Kaduna, Buhari yana yi wa magoya bayan jam'iyyar CPC magana da Hausa, ya ce idan aka maimaita maguɗin 2011 a zaɓen 2015 to za a yi kare jini biri jini. Kowane yaron da ya tashi yana kallon dambe ko kokawa ya san wannan magana. Ana faɗinta a kan karawar da babu wanda zai fita cikinta da sauƙi, ko a filin ƙwallo, ko tsakanin lauyoyi a kotu, ko tsakanin 'yan kasuwa biyu da ke neman rumfa ɗaya. Da ta isa teburin editoci sai aka juya ta zuwa Turanci kalma da kalma, kare da gwaggon biri za su jiƙe sharkaf da jini, aka buga a shafin farko. Daga nan wasu suka fara rarraba waye karen, waye birin, wane yanki ake nufi. Wannan fassarar ta bi shi har zaɓen 2015 da bayansa, ta zama hujjar da ake ɗagawa duk lokacin da ake son nuna shi a matsayin mai kiran zubar da jini. Karin maganar Yarbanci ko Ibo ba ta cika gamuwa da irin wannan ba, domin a ɗakin labarai na Legas da wuya a rasa wanda zai ɗago kai ya ce ba haka ake nufi ba. Ta Hausa kuwa sau da yawa ba ta da mai tsaya mata a wurin.

Amma ko a nan sai mun yi wa kanmu adalci. Shekara guda kafin wannan maganar, rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa, bisa ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. Wanda ya rasa ɗansa mai bautar ƙasa a Bauci, ko wanda aka kashe wa dangi a kudancin Kaduna, idan ya ji kalmar jini daga bakin jagoran da miliyoyi ke bi, ba zai tsaya nazarin adabi ba. Magana zarar bunu ce. Editan ya yi laifin rashin tambaya, mai maganar kuma bai auna lokacin da yake ciki ba.

Sai maganar cima-zaune, wadda har gobe matasa ke jin ciwonta. A Afrilun 2018, a taron 'yan kasuwa na ƙasashe renon Ingila a Landan, Buhari ya ce fiye da kashi 60 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su kai shekara 30 ba, da yawansu ba su yi makaranta ba, kuma suna ganin tunda ƙasar na da man fetur sai su zauna ba su yin komai a ba su gida da magani da ilimi kyauta. Bai furta kalmar Turancin da ke nufin malalaci ba, kuma bai ce duka matasa ba. Kanun labarai ne suka ƙara wannan, suka cire "da yawansu", cikin sa'o'i kaɗan ta zama take a intanet. A nan an yi masa ƙari, babu shakka. To amma a lura, kafafen Hausa ma haka suka ɗauke ta, kalmar cima-zaune ba daga Legas ta zo mana ba. Kuma idan aka mayar da maganar yadda ya faɗe ta sak, ba ta daina ciwo ba. Su waye matasan da ba su yi makaranta ba? Mafi yawansu namu ne, na Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, masu tura baro da kabu-kabu da ga-ruwa da yankan farce a biranen ƙasar nan, waɗanda suka kwana a rumfunan zaɓe suna gadin ƙuri'arsa. Ban taɓa ganin wanda ya ba su gida kyauta ba. Sa'ad da muka duƙufa muna kare shi da cewa ai bai ce malalata ba, mun bar ainihin tambayar ta wuce, wato wa ya hana su makarantar.

Wata ƙaramar kuma: a Sallar Azumin 2023, gab da saukarsa, ya yi raha cewa idan aka dame shi a Daura zai tsallaka Nijar. Aka yi ta yamaɗiɗi da ita, wasu na cewa ga shi ya tona asirin asalinsa. Mutumin Daura da ke da goggo a Magarya ko kawu a Damagaram, wanda Kongolam ta bakin iyakar Nijar ta fi masa Kano kusa, ya san barkwanci ne irin na dattijan garin nan.

Me ya sa haka ke faruwa? Wani ɓangaren tarihi ne. Jarida ta fara fita a ƙasar nan a Abekuta a 1859, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa sai a 1939 aka fara buga ta a Zariya, tazarar shekara 80. New Nigerian da aka kafa a Kaduna a 1966 ta yi zamaninta, gwamnatoci na jin tsoron sharhinta, daga baya muka zuba ido ta durƙushe. Kamfanin Trust ya fara da jaridar mako-mako a 1998. Ƙarfinmu a rediyo yake, tun daga sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 zuwa tashoshin FM da suka cika garuruwanmu yau, amma abin da aka faɗa a rediyon Hausa a kunnen Bahaushe yake tsayawa. Abin da jakadun ƙasashen waje da masu zuba jari da 'yan majalisa ke karantawa da safe, Turanci ne, kuma yawancinsa a Legas ake rubuta shi. Attajiranmu sun gina gidajen mai da manyan shaguna da unguwanni a Abuja, kaɗan ne suka yarda su sa kuɗi a jaridar da za ta biya ma'aikaci albashi a kan kari. Wanda ba shi da mudu a kasuwa, da na wani za a auna masa.

Wani ɓangaren kuma tsohon miki ne tsakanin Buhari da 'yan jarida. Doka ta 4 ta 1984, lokacin yana shugaban mulkin soja, ita ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian gidan yari, aka yanke musu shekara guda a kan labarin naɗin jakadu. Yaran da ke koyon aiki a lokacin su ne suka zama editoci da masu jaridu bayan shekara 30, kuma ba su manta ba. Da jaridar Punch ta sanar a Disamban 2019 cewa daga ranar za ta riƙa kiransa Manjo Janar, tana zargin gwamnatinsa da take umarnin kotu, wannan tsohon mikin ne ya sake fashewa. Shi ma bai taimaki kansa ba. Tattaunawar kai tsaye da 'yan jaridar gida irin wadda shugabannin baya suka saba, a Disamban 2015 ya yi ta, daga nan sai hirarraki jefi-jefi. A duba inda manyan maganganun da suka jawo masa surutu suka fito, Washintan, Balin, Landan. A waje yake sakin baki, cikin harshen da ba a cikinsa ya fi walwala ba, a gaban mutanen da ba su san salon rahar Bafulatanin Daura ba. A gida kuwa shiru, kuma shirun shugaba fili ne da kowa ke shuka abin da ya ga dama. A cikin wannan shirun ne tatsuniyar cewa ya rasu an musanya shi da wani Jibrin ɗan Sudan ta tsiro, har sai da ya tsaya a Folan a Disamban 2018 yana tabbatar wa 'yan ƙasarsa cewa shi ne da kansa.

Sai dai cewar da ɗan Kudu ne da ba a ji ba, wannan ba ta tsaya da ƙafarta. Goodluck Jonathan ɗan Bayelsa ne, kuma jaridun Legas ɗin nan su suka yi masa tsirara. Da ya ce a 2012 ko a jikinsa game da bayyana kadarorinsa a fili, da kuma lokacin da ya yi ƙoƙarin bambanta sata da cin hanci a 2014, an yi wata da watanni ana jan maganar, mu ma muna tafawa. Tinubu Bayarabe ne, amma da ya ce a Kano a Maris ɗin 2021 a ɗauki matasa miliyan 50 aikin soja, ofishinsa ya fito ya ce dubu 50 yake nufi, babu wanda ya raga masa. Da harshensa ya harɗe a Owerri a 2022, da kuma lokacin da ya rarraba wa 'yan rakiyarsa tambayoyin da aka yi masa a Chatham House a Landan, 'yan Kudu ne kan gaba wajen yaɗawa. Kwamitin yaƙin neman zaɓensa ya yi fito-na-fito da tashar Arise da jaridar ThisDay a bainar jama'a. A gefe guda kuma jaridar The Nation da tashar TVC, da kowa ya san alaƙarsu da shi, suna rufa masa asiri. Wannan ya nuna cewa sau da yawa abin tambaya shi ne wa ke da gidan jaridar, kuma da wa yake ɗasawa a wannan kakar zaɓen. Yanki yana ciki, amma aljihu da jam'iyya sun fi shi ƙarfi. Ga kuma kasuwar zamani, inda kuɗin talla ke bin yawan waɗanda suka latsa labari. Daƙiƙa goma na harshen shugaba yana sarƙewa sun fi bayanin kasafin kuɗi na awa guda kawo ciniki, ko shugaban daga ina ya fito.

Akwai kuma maganganun da muke kira katoɓara don mu sassauta su, alhali ra'ayi ne mai shi ya bayyana. A Yulin 2015 a Washintan, Buhari ya ce mazaɓun da suka ba shi kashi 97 ba za a daidaita su a wasu al'amura da waɗanda suka ba shi kashi 5 ba. Masu ba'a suka tsaya lissafin cewa 97 da 5 sun haura 100, alhali wurare daban-daban yake nufi, lissafinsa bai karye ba. Abin dubawa shi ne shugaban da bai cika wata biyu da rantsuwa ba ya faɗa wa wani yanki na ƙasarsa matsayinsu a wurinsa, kuma duk naɗin da ya yi daga baya da wannan maganar aka auna shi. A Oktoban 2016 a Balin, bayan hirar da Hajiya A'isha ta yi da sashen Hausa na BBC tana kokawa kan waɗanda suka kewaye gwamnati, ya tsaya kusa da shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ya ce matarsa ta kicin ce da falo da ɗaya ɗakin. Kakakinsa ya ce wasa yake, shi kuwa da DW ta sake tambayarsa bai janye ba. Ko a al'adarmu, dattijo ba ya ambaton ɗakin matarsa a gaban baƙi. Babu editan da ya ƙara wa wannan gishiri.

Mafi tsadar su ita ce ta Yunin 2021. Ya wallafa a Twitter gargaɗi ga masu ƙona ofisoshin gwamnati a Kudu maso Gabas, ya tuna musu yaƙin basasa, ya ce za a yi musu magana da yaren da suke ganewa. Kamfanin ya goge saƙon. Ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya zargi kamfanin da fuska biyu, yana nuni da saƙonnin tunzuri na jagoran 'yan awaren Biyafara Nnamdi Kanu da aka bari suna yawo, kuma a wannan gaɓar yana da hujja. To me aka yi da hujjar? Aka rufe Twitter a ƙasar baki ɗaya har zuwa 13 ga Janairun 2022, wata bakwai cur. Yarinyar da ke tallan turaren wuta da atamfa daga Ƙofar Ƙaura ta wannan hanya, da saurayin da ke neman aiki ko tallafin karatu, su suka biya kuɗin fushin. Wannan ne ke sa ni tsoron kukan mudu biyu idan ya fito daga bakin mai mulki. A bakin talaka ƙorafi ne, a hannun gwamnati kuwa yakan rikiɗe ya zama kwaɗon rufe baki. A Agustan 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindigar daji. Tashar Arewa ce, tana ba da labarin kashe 'yan Arewa, gwamnatin ɗan Arewa ta hukunta ta.

Idan ana neman mudu biyu na gaske a jaridun ƙasar nan, a duba yadda ake auna jini. Shekara da shekaru ana liƙa sunan ƙabila guda a kan kowane laifin daji, a rubuta Fulani makiyaya a kanun labari tun kafin a kama kowa, abin da ba a yi wa sauran ƙabilu idan nasu ya yi fashi ko damfara. Kuma a duba kwana nawa kisan mutanen Batsari ko Jibiya ko Faskari ke yi a shafin farko, idan ma ya samu shiga. Mutum talatin a ƙauyen Safana sukan zo a layi biyu, ba suna, ba hoto, ba wanda ya je ya ga zawarawan. Wannan ya fi mini ciwo nesa ba kusa ba a kan duk wata dariya da aka yi wa harshen Baba Buhari.

A nan ne kuma nake ganin namu mudun. A Afrilun 2014, washegarin tashin bam a Nyanya, Jonathan ya je gangamin siyasa a Kano har ya taka rawa. Mun yi Allah wadai, kuma mun yi daidai. Ranar 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, Buhari yana nan Daura yana hutu, tafiyar 'yan sa'o'i a mota. Bai taka Ƙanƙara ya ga iyayen ba, sai bayan an sako yara 344 ya gana da su a Katsina. Makonni biyu kafin nan an yi wa manoman shinkafa yankan rago a Zabarmari, kakakinsa ya faɗa wa BBC cewa ba su nemi izinin sojoji ba kafin su shiga gonakin. Akwai waɗanda suka yi magana, mutanen 'Yantumaki ma sun tare hanya tun a Yunin shekarar saboda azabar hare-hare. Amma da yawanmu, malamai da 'yan boko da masu kiran waya a shirye-shiryen rediyo, mun yi ƙasa da murya, wasu har suna ce wa masu kuka 'yan adawa. Da Jonathan ne a kujerar, na san irin huɗubar da za a yi a masallatan Juma'a na jihar nan a wannan makon.

Ranar 29 ga Mayun 2023, wajen rantsar da shi a Dandalin Eagle da ke Abuja, Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Daga baya shi da kansa ya faɗa a Faransa cewa maganar ba ta cikin rubutaccen jawabinsa. Gaskiya ne kasafin da Buhari ya bari bai tanadi tallafin ba bayan watan Yuni, amma furucin nan na rana ɗaya, ba tare da wani shiri na rage raɗaɗi ba, ya ɗaga litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin kwana biyu. Jaridu da yawa sun kira shi jarumta. Harshensa bai sarƙe ba a ranar, don haka ba za ka ga maganar a bidiyon katoɓara ba, amma duk mai shiga mota daga tashar Daura zuwa Katsina yana biyan ta har yau.

Sati biyar bayan wancan zaman namu na majalisa, a watan Agustan 2025, 'yan bindiga suka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau da ke ƙaramar hukumar Malumfashi, suka kashe gomman mutane. Labarin ya yi 'yan kwanaki a kafafe ya sauka. A majalisarmu mun yi salati, mun yi musu addu'a, wani ya ce Allah Ya kawo mana ƙarshen abin nan, muka shafa. Gardamar bidiyon nan mai minti biyu kuwa sai da muka kwana uku muna yin ta.